Masu Musu Ku Matso: Mai Karɓar Haraji Ne Ya Ka Da Napoliyon

Na san halinku. Tun ban rufe baki ba wani ya riga ya tura hula gaban goshi, ya karkace baki, yana shirin cewa, "Kai, Malam, wannan kam ban yarda ba." To a yi haƙuri, a gyara zama. Abin da na ce shi ne, Napoliyon ɗin nan da ya hana Turai barci shekara da shekaru, mutum biyu ne suka fi kowa hannu a faɗuwarsa, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin albarushi. Ɗaya wani ma'aikaci ne mai yawo da sandar awo da littafi, yana leƙa gangunan giya, yana ƙirga kyandir da sabulu a garuruwan Ingila. Ɗayan kuma magatakarda ne a wani banki a Landan, aikinsa rubuta sunayen masu bin gwamnati bashi da biyansu a kan kari.

Ga Sarkin Gardama can ya miƙe. Wai yaƙi zuciya ne, namiji ke yinsa, ba ɗan boko mai alƙalami a kunne ba. Ranka ya daɗe, zauna mu yi lissafi. In zuciya ce, Faransawan wancan zamani ba su da na biyu. In yawa ne, sun doshi mutum miliyan 30, alhali ƙidayar 1801 ta sami mutanen Birtaniya miliyan 10 da rabi ne kacal. In kuwa iya jan daga ne, kai ma ka san babu janar irin Napoliyon a zamaninsa. Duk da haka shi ya ƙare a tsibirin Saint Helena a hannun masu gadi. Su kansu jaruman Ingilar da kake yabo, a 1797, ana tsakiyar yaƙi, sojan ruwansu da ke Spithead suka ƙi ɗaga anga. Dalili? An fi shekara ɗari ba a ƙara musu ko kwabo a albashi ba. Sai da majalisa ta amince da ƙarin kuɗi jirage suka motsa. Jarumi ma yana da ciki, ranka ya daɗe, kuma cikin nan ba ya jin kirari.

Bari in mai da ku baya kaɗan, don kada wani ya ɗauka Turawan Ingila an haife su ne da riƙon amana. Sarakunansu na da ƙwararru ne wajen cin bashi su share baki. A 1672 Sarki Charles na Biyu ya wayi gari ya dakatar da biyan maƙeran zinariyar Landan da suka ranta masa kuɗi, wasunsu suka karye har abada. Daga nan duk attajirin da ya ji sarki na nemansa sai ya ce ba ya gida. Shekara goma sha takwas bayan haka, a 1690, Faransawa suka lallasa jiragen yaƙin Ingila da na Holan a Beachy Head. Sabon sarki William na Uku yana bukatar jirage, baitulmali kuwa wayam.

Sai wani ɗan kasuwa mutumin Sikotlan, William Paterson, da abokansa suka kawo dabara. A 1694 aka ce masu kuɗi su haɗa fam miliyan 1 da dubu 200 su ranta wa gwamnati, a riƙa ba su kashi 8 cikin ɗari duk shekara, su kuma a ba su izinin kafa banki. Wannan ne asalin Bankin Ingila. Amma ku lura da inda gizo ke saƙa. Majalisar dokoki ce ta tsaya wa bashin, ba sarki ba, kuma a cikin dokar aka rubuta takamaiman harajin da za a riƙa biya da shi: na jiragen ruwa, da na giya da sauran kayan sha. Ko mako biyu ba a cika ba kuɗin suka haɗu. Mutanen da jiya suke ɓuya, yau su ke layi.

Kun san mai kantin unguwarku da littafinsa na bashi. Ma'aikacin da ke zuwa ranar da albashi ya shigo ya goge sunansa, in ya nemi buhun shinkafa tsakiyar wata, har gida yaro zai kai masa. Wanda kuwa ya sake hanya don kada a gan shi, ko ashana ya nema sai ya ajiye kuɗi. Ingila ta zama na farkon, ta riƙa biya ba fashi, har zuwa tsakiyar ƙarni na 18 masu kuɗi suna ba ta rance a kan wajen kashi 3 cikin ɗari, kuma takardar bashin nan ana sayar da ita a kasuwa, wanda ya matsu ya sayar wa wani ya karɓi kuɗinsa. Sarakunan Faransa kuwa kowane ƙarni sai sun yanke wa masu binsu wani abu, don haka kullum da tsada suke samu.

Na hango Alaramma ya ɗaga yatsa. Allah gafarta Malam, na sani, kuɗin ruwa ne, kuma hukuncinsa yana wurinku, ni ba ni da ta cewa. Labarin abin da Nasara suka yi nake bayarwa, ba fatawa ba. A bar ni in ƙarasa, in ya so a yi mini wa'azin daga baya.

To da me ake biyan kuɗin ruwan? A nan ne mai sandar awon nan ya shigo. Ku da kuke kuka da harajin shago, ku saurara ku ji abin da mutanen Ingila suka sha. An sa wa gishiri haraji, da fata, da kyandir, da sabulu, da takarda. A 1696 aka sa wa tagogi: yawan tagoginka, yawan kuɗinka. Mutane suka riƙa toshe tagogi da bulo suna zama a duhu, kuma wannan doka sai 1851 aka soke ta. Har yau akwai tsofaffin gidaje a can da za ka ga shatar taga amma bulo ne a ciki. A 1784 aka sa wa hular maza, ana manna shaidar biya a cikin hular. Sarkin Gardama, da a can kake, wannan da ka tura gaban goshi sai an kife ta an duba cikinta. Da yaƙi da Faransa ya ɓarke a 1793 abin ya ƙara gaba. A 1795 duk mai son barbaɗa farar hoda a gashinsa, wadda ita ce kwalliyar manya a lokacin, sai ya biya fam ɗaya da sule ɗaya a shekara. A 1796 aka kai ga karnuka. A 1797 aka kai ga agogo, mutane suka daina saye, masu ƙera agogo suka shiga uku, ko shekara ba a yi ba aka janye.

Kuna dariya, kuna cewa ƙirƙira nake yi. Ai ban ma zo kan babban ba.

Firayim Minista William Pitt, wanda ya hau mulki yana ɗan shekara 24, ya ga kare da agogo ba za su ciyar da rundunar ruwa ba. A 1799 ya kawo abin da Ingila ba ta taɓa gani ba, wato haraji a kan abin da mutum ke samu a shekara. Wanda samunsa bai kai fam 60 ba an yafe masa. Daga nan ake farawa da kwabo biyu a kowace fam, ana hawa, har wanda ya kai fam 200 ya ba da sule biyu a fam. Dattawan da suka ga zamanin fam da sule sun san fam sule ashirin ce, kun ga ɗaya bisa goma ke nan. Attajirai suka yi ta kumfar baki, wai gwamnati za ta leƙa musu asiri. Pitt ya yi lissafin fam miliyan 10 a shekara, da aka tara sai ga wajen miliyan 6. Ashe da aka ce kowa ya faɗi samunsa da bakinsa, rabin masu kuɗin Landan talauci ya kama su dare ɗaya. Kada ku sunkuyar da kai, ban ambaci sunan kowa ba. Wanda ya gaje shi, Henry Addington, shi ya gano maganin abin a 1803: a cire harajin tun daga tushe, kafin kuɗin su shiga hannun mai su. Ma'aikatan da ke duba takardar albashi su ga an riga an zaftare, ga kakan wanda ya yi muku wannan aiki.

An kuma rantse wa mutane cewa harajin na yaƙi ne, ana gamawa za a cire. Aka ci Napoliyon a yaƙin Waterloo a 1815, a 1816 majalisa ta soke shi, har ta ba da umarni a hallaka takardunsa don kada a sake tunawa da shi. Abin da 'yan majalisa ba su lura ba, akwai kwafi a ajiye a wani ofis. A 1842 Firayim Minista Robert Peel ya dawo da shi, kwabo bakwai a fam, ya ce na shekara uku ne. Ministan kuɗi Gladstone ya zo a 1853 ya tsara yadda zai ƙare a 1860, sai yaƙin Kirimiya ya ɓarke. Har yanzu da nake muku magana, a dokar Birtaniya harajin nan na shekara guda ne, kowace shekara sai majalisa ta sabunta shi. Baƙon da ya ce kwana ɗaya zai yi, ga shi har ya aurar da jikoki a gidan.

Yanzu ga wani ɗan saurayi daga baya, wayarsa a hannu, ya gano abin da duk masana suka kasa ganowa. Wai me ya sa za a wahalar da mutane, gwamnati ba ita ke da injin buga kuɗi ba? Sannu da ƙoƙari, ƙanena, amma Faransawa sun riga ka. Dama bashi ne ya ci sarautarsu: sun ranto sun taimaki Amurka ta ƙwaci kanta daga Ingila, zuwa 1788 wajen rabin abin da gwamnati ke kashewa yana tafiya wurin masu bin bashi, manyan gari da manyan coci kuwa sun ƙi a taɓa su da haraji. Sarki Louis na 16 ya kira taron wakilai a 1789 don a samo kuɗi, taron ya rikiɗe ya zama juyin juya hali, ƙarshe har kansa ya tafi. Sababbin masu mulki suka ƙwace filayen coci suka buga takardun kuɗi a kansu. Yaƙi ya zo, aka buga. Soja na son takalma, aka ƙara bugawa. Kafin shekara bakwai manomi ya gwammace ya ɓoye alkamarsa da ya karɓi takardar. A watan Fabrairu 1796 aka fito da allunan buga kuɗin a tsakiyar birnin Faris aka farfasa a gaban jama'a. A 1797 gwamnati ta shafe kashi biyu cikin uku na bashin da ake binta. Daga ranar, wa zai ranta wa Faransa?

Ka ce ai Ingila ma a 1797 ta hana a canza takardar banki da zinariya. Gaskiyarka, ashe wayar tana da amfani. An yi haka, bayan wasu sojan Faransa sun sauka a gaɓar Wales mutane suka ruga banki. Takardar ta ɗan rage daraja, amma ba ta zama shara ba, don kowa yana ganin mai sandar awo bai daina zagaye ba, kuɗin ruwa kuma bai daina fita ba. An yi alkawarin dawo da zinariya bayan yaƙi, aka kuwa dawo da ita a 1821.

Sarkin Gardama ya sake samun ƙarfi. Wai Napoliyon bai bukaci rance ba, ganima ta ishe shi. Haka ne, kuma ta yi masa rana na wani lokaci. Ya ci Ostiriya ya ɗora mata tara, ya ci Furusiya ya ɗora mata wadda ta fi, sojansa kuma duk ƙasar da suka sauka ita ke ciyar da su. A 1803 ma ya sayar wa Amurka yankin Louisiana a kan dalar Amurka miliyan 15 don ya sami kuɗin yaƙar Ingila. Ku canki wa ya shirya biyan kuɗin. Bankin Baring na Landan, tare da wani banki na Amsterdam. Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne ko a ina. Sai dai ganima tana da sharaɗi: dole kullum ka ci sabon gari mai arziki. Ran da ka shiga ƙasar da babu abin ɗauka, ko mutanenta suka ƙone hatsinsu suka shige daji, ran nan asusunka ya rufe. Haka ya same shi a Sifaniya daga 1808, haka kuma a Rasha a 1812. Ita kuwa Ingila, duk sanda ya karya ƙawayenta sai ta sake buɗe jaka. A tsawon yaƙin ta ba Ostiriya da Furusiya da Rasha da sauransu fiye da fam miliyan 60 don su sake tara runduna. Ya ka da su, a tashe su, ya ka da su, a tashe su, har hannunsa ya gaji.

Ku zo ku ga abin a kusa. Ƙarshen 1813 kwamandan sojan Ingila, Wellington, ya ƙetaro duwatsu daga Sifaniya ya shigo kudancin Faransa. Ya san in sojansa suka taɓa kazar manomi ɗaya, ƙauyuka za su tashi masa kamar yadda na Sifaniya suka tashi wa Faransawa. Sai ya mai da yawancin sojan Sifaniya da ke tare da shi gida don sun fara wasoso, ya kafa doka mai tsanani a kan sata, ya ce komai za a saya a biya. To da wane kuɗi, tunda manomin Faransa ba zai karɓi takardar Landan ba? A farkon 1814 gwamnati ta ɗora wa wani mai banki a Landan, Nathan Rothschild, aikin, shi da 'yan'uwansa suka bi biranen Turai suna tattara tsabar zinariya da azurfa, aka loda a jirage aka kai wa rundunar. Ka tsaya a bakin wani ƙauye ka kalla: sojan ƙasarsu sun wuce jiya sun kwashe abin da suka samu sun bar wa mai gari takardar alkawari, yau ga abokan gaba sun zo suna taya saniya suna ƙirga tsaba a tafin hannu. Wa kake jin za a kai wa hatsi? Manoman Faransa da kansu suka ciyar da rundunar da ta zo karya sarkinsu.

Hajiya, tun ɗazu nake ganin kina girgiza kai, faɗi abin da ke ranki. Kin ce duk wannan yabon banza ne, dukiyar bayi da ta Indiya ce ta cika musu jaka. Ban musa miki ba, Hajiya. Sukarin da bayi 'yan Afirka suka noma a tsibiran Karebiyan yana cikin manyan kayan da kwastan ta riƙa tatsa, abin da aka kwaso daga Indiya kuma ba kaɗan ba ne. Zan ma ƙara miki da wani. A cikin Ingilar kanta, talaka ne ke biyan harajin gishiri da kyandir da sabulu, mai takardar bashi kuma shi ke karɓar kuɗin ruwa: kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Bayan Waterloo bashin ya haura fam miliyan 800, wajen ninki biyu na abin da ƙasar gaba ɗaya ke samarwa a shekara, kuma shekaru da yawa kusan rabin kuɗin gwamnati can yake tafiya. Sai dai ki tuna Sifaniya ta fi kowa kwasar azurfar Amurka, amma Sarki Philip na Biyu sau huɗu yana kasa biyan bashi, har a 1576 sojansa da ba a biya ba suka afka wa birnin Antwerp, wanda yake ƙarƙashinsa, suka wawushe. Sata kaɗai ba ta riƙe runduna. Su ma Ingilar, da suka gwada ɗora wa mutanen Amurka harajin hatimi a 1765 don rage nauyin yaƙin da ya gabata, ba tare da mutanen suna da wakili a majalisa ba, ƙarshenta ƙasar ce ta suɓuce musu ɗungurungum.

Saura ku masu cewa Bature ba ya ƙarya, na ajiye muku naku. A Nuwamba 1914 gwamnatin Birtaniya ta nemi rancen yaƙi na fam miliyan 350 daga jama'a. Abin da ya shigo bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Don kada Jamus ta ji, Bankin Ingila ya cike giɓin a ɓoye, aka rubuta takardun da sunan babban ma'ajinsa da mataimakinsa kamar su ne suka saya da kuɗinsu. Jaridu suka buga cewa mutane sun yi rububi har kuɗin sun yi yawa. Sai a 2017 ma'aikatan bankin suka tono zancen a tsofaffin littattafai, jaridar Financial Times ta buga gyara bayan shekara 103. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya yi nisa kafin ya ƙure. Babban rancen 1917 kuwa, na kashi 5 cikin ɗari, wanda aka rage zuwa 3 da rabi a 1932, ragowarsa fam biliyan 1.9 sai a watan Maris 2015 aka biya. Bashin da suka ci wurin Amurka da Kanada bayan yaƙin duniya na biyu, a Disamba 2006 aka kai kason ƙarshe.

Kada kuma ku ce wannan ruwan bai taɓa mu ba. A yaƙin 1914 baitulmalin sarakunan Arewa sun ba da gudummawa, kuma kuɗin nan daga haraji da jangali suka fito. Kakannin wasunku sun yi Kamaru, iyayen wasu sun yi Bama, waɗanda suka zauna gida kuma gyaɗarsu ta tafi.

To, Sarkin Gardama, na ga har yanzu bakin bai miƙe ba, kuma ban sa ran zai miƙe ba, musu ai gado ne. Abu ɗaya nake roƙo. Duk ranar da ka ji wani a rediyo ko a majalisar shayi yana cewa a tura soja a gama da su cikin mako guda, kafin ka ce "ƙwarai kuwa", tambaye shi abu uku: wa zai ba da rancen, a kan me za a ɗora harajin da za a biya shi, kuma wace shekara za a cire. In ya amsa biyun farko, ka yi masa shayi. In ya amsa na ukun, kada ka yarda.